Shinkafar Tanko da Zaɓen Amurka

Safiyar wata Laraba ce a farkon Nuwamban 2008, ina aji huɗu a firamare, kakata Iya Ige ta aike ni sayo sikari a teburin mai shayi da ke bakin hanyar Lolo. Raɓa ba ta bushe ba tukuna. 'Yan babur masu shiga ƙasar Benin sun ɗaure jarkokinsu na fetur tsaf, amma ba wanda ya tayar da inji, kowa ya kewaye rediyo, har ruwan shayi ya tafasa ya zube a wuta ba a lura ba. Mai labarai yana cewa mutanen Amurka sun zaɓi baƙar fata ya shugabance su, karo na farko tun kafuwar ƙasar. Na manta da sikari, na ruga gida, don na san duk ƙauyenmu ba wanda labarin nan ya shafa kamar kakata.

A ƙarshen gonarmu ta fadama, wajen giginyu, akwai wani fegi da ake kira fegin Tanko. Tanko ɗan gidanmu ne na can da, tun kafin zuwan Turawa, kuma Iya Ige a bakin kakarta ta ji labarinsa. Yana saurayi mahara suka ɗauke shi, suka bi da shi ta ƙasar Bargu. Bayan shekaru wani falke ya dawo ya ce ya gan shi a bakin teku, cikin waɗanda ake jira a loda a jirgi zuwa Amurka. Mahaifiyar Tanko ta hana a raba rabonsa na gona, ta ce ba wanda ya ga gawarsa. Tun daga nan ake noma fegin kowace shekara, a zuba shinkafarsa a wani ɗan rumbu daban, kuma ɗan gida ba ya cin ta. Baƙo kaɗai ake dafa wa: fataken Dendi da dare ya yi musu, masunta da jirginsu ya huje, matan da suka taso daga kasuwar Malanbil da kaya a ka. Iya Ige takan ce, "Shi ma baƙo na inda yake, wani ka ba shi abinci."

Ni aka ɗora wa korar tsuntsaye a wannan fegi. Da na taso daga makaranta sai in hau ɗan dandamalin kara da majajjawata, in riƙa jan igiyar da aka rataya wa gwangwanaye. Sauran yara suna can suna iyo, ko suna haƙar muruci, ni kuwa na fi son zama a nan ni kaɗai. Iska takan kwantar da shinkafa ta tashe ta, kwalekwale su wuce a hankali can nesa, ni kuma ina ta ƙera jikokin Tanko a raina. Na ba su dogayen motoci da takalma masu sheƙi, amma na bar musu wushiryar gidanmu, don in gane su. Idan jirgin sama ya ja farin zare a sama, nakan ce su ne suke duba inda za su sauka. Sau da yawa tsuntsayen jan-baki sukan ci rabonsu su tashi ina can Amurka.

Da na kai wa Iya Ige labarin rediyo tana tsintar tsakuwa a shinkafa, sai ta ajiye faifan. Ta ce, "Angona, mi kac ce? Baƙi kamar mu?" Na ce baƙi. Ta daɗe tana kallon ƙofar gida. A wajenta maganar a fili take: sarki ya san talakawansa gida-gida, kuma tunda namu ne ya hau, zai sa a yi shela, duk wanda kakansa ya fito daga wajen Illo ya zo a nuna masa hanya.

A shekarar ne kuma Baffa Mudi, ƙanin mahaifina, ya tayar da maganar fegin. Ba mugu ba ne, matsi ne. Ruwa ya cinye masa gonarsa ta wajen Ka'oje, bakuna sun yi yawa a ɗakinsa, ga rumbu cike ana ajiye wa mutumin da ƙasa ta daɗe da cinye shi. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya roƙi a ba shi fegin. Iya Ige ta ce, "Ka bari sai wanga yaro ya sauka daga sarauta. In har lokacin ba wanda ya zo, ka ɗauka." Ta ga hotonsa a jikin wata kalanda a shagon tela, ta ga ko furfura bai yi ba, ta tabbata ta saya wa Tanko shekaru masu yawa. Baffa Mudi, wanda ba ya rabuwa da rediyo, ya amsa da saurin da ya ba ni mamaki.

A makaranta na gane dalilin saurinsa. Malam Haruna ya ajiye darasin ranar, ya zauna a gefen tebur yana ba mu tarihin Amurka. Ya ba mu labarin shugaban da aka yi yaƙin basasa a zamaninsa, ya sa hannu aka 'yanta bayi, daga baya aka harbe shi. Ya ce ko bayan 'yancin, an daɗe baƙar fata ba ya shan ruwa a famfo ɗaya da fari, ba ya zama a gaban mota, ba a barinsa ya jefa ƙuri'a, sai da mutane suka yi ta tattaki ana dukansu, sannan wani shugaban ya sa hannu a doka. Ya ce waɗanda aka kwashe an raba su da sunayensu da harshensu, jikokinsu ba su san garin da suka fito ba. Sabon shugaban ma ba jikan bayi ba ne, mahaifinsa daga Kenya ya je karatu. A ƙarshe ya ce a can shugaba ba ya wuce shekara takwas, ko da ana sonsa. Ranar na koma gida ina ji kamar ni aka sake sacewa.

Na gaya wa Iya Ige komai, ban rage ba. Na zaci za ta yi kuka, sai ta yi dariya kan maganar sauka: "Sarki shi sauka da ƙafarshi, lafiyarshi lau? Mudi ya ci ni." Da na zo kan sunaye sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Ashe ba ƙin zuwa sunka yi ba. Ba su san ana jiransu ba." Ba ta janye alkawarinta ba. Da damina ta zagayo muka ji shugaban ya sauka a Gana, ya shiga wani tsohon gidan da ake tsare bayi a bakin teku. Bai ƙaraso ƙasarmu ba, manya suna ta mita a kan haka, ita kuwa cewa ta yi ya fara tambayar hanya. Allah ya karɓi abarsa kafin wa'adin ya cika, kuma har yau ina kewar yadda take kirana angonta.

Ranar da shugaban ya miƙa mulki ina gida hutu daga kwaleji. Na tarar da Baffa Mudi a gindin giginya da rediyonsa, ya yi furfura, fegin da ya zama nasa tun daga wannan rana yana shimfiɗe a gabansa. Ba mai hana shi yanzu. Ya saurara har aka gama rantsar da sabon, ya kashe rediyon, ya tambaye ni wannan ɗin shekara nawa zai yi. Na ce huɗu, ko takwas. Ya kakkaɓe rigarsa ya miƙe, ya ce, "To, mu ƙara ma Tanko wagga."

Yanzu ni nake koyar da tarihin da Malam Haruna ya ba mu, na san sunayen shugabannin da dokokinsu, na kuma san ba mai zuwa. Ƙofar Amurka ta ƙara tsukewa, matafiyan Benin sun koma wucewa a guje kan babur, ba sa kwana. Baffa ya tsufa, amma duk zaɓen da aka yi a can sai ya ƙara wa'adi, wata shekarar sai an fita bakin hanya neman baƙon da zai ci shinkafar. Yaran gidan suna kallon biranen Amurka a waya, sun fi ni ganinta, amma ban ga mai ɗaga kai in jirgi ya wuce ba. Har yau ɗan gidanmu bai san ɗanɗanon shinkafar Tanko ba.