Fitilu Huɗu da Takardar Korar Baba Maigadi

Ni na buga takardar da za a kori Baba maigadi da ita, kuma ban yi kuskuren ko harafi ɗaya a cikinta ba. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya ji sauran labarin ya ɗauka ni waliyyiya ce.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina aikin buga tafireta a ofishin wata ƙungiyar manoma da ke Kafin Maiyaƙi. Ɗaki biyu ne da baranda, sai wani ɗan ɗaki a baya inda maigadi ke kwana. Mutanenmu sun watsu tun daga Bebeji har Doguwa, kuma sunan kowa da girman gonarsa da irin da ya karɓa, duk yatsuna ne suke buga su. Ana nan sai wani shirin tallafa wa manoma ya ba mu kwamfuta. Manomanmu suka haɗa masara aka sayi ɗan janareta, don wutar garin ba abar dogaro ba ce.

Injiniyan da ya zo daga Kano ya haɗa ta ya yi kwana uku yana koya mini. Mutum ne mai gaggawa, amma bai raina ni ba. Ran da zai tafi ya juya akwatin kwamfutar ya nuna mini wasu ƙananan fitilu huɗu a jere a bayansa, kowace ba ta fi ƙwayar dawa ba. Ya ce duk lokacin da aka kunna ta, sai ta bi sassan jikinta ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, fitilun suna canzawa tsakanin kore da ruwan ɗorawa. In komai lafiya, duka huɗun za su tsaya koraye. In kuwa ta maƙale ba ta tashi ba, to in dubi launin da suka tsaya a kai, in buɗe ɗan littafin da ya zo da ita, zai gaya mini inda ciwon yake. Ya buɗe akwatin sau ɗaya a gabana ya nuna mini sassan. Daga nan ya dubi ciyaman ɗinmu ya ce, "Alhaji, abu ɗaya nake roƙo. Kada a ɗaga ta daga kan teburin nan. In aka ɗaga ta, ta lalace, babu ruwanmu."

Na riƙe zancen fitilun nan da kyau. Madubin da nake sa kwalli da shi na jingina a bango bayan akwatin, kullum da safe in na danna makunni sai in leƙa in ga yadda suke wasansu har su zama koraye. Abokan aiki suna ta yi mini tsiya, wai kwamfuta ma na koya mata kwalliya. Ko a jikina.

Baba maigadi Bafulatani ne, dattijo siriri, wanda ciwo ya cinye wa shanu har ba a bar masa ko maraƙi ba. Ƙungiya ta ba shi gadi da shara, da ɗakin nan na baya. Ba shi da wani wurin zuwa in ba nan ba, kowa ya san haka. Kafin ya yi shara yakan yayyafa ruwa a daɓe da buta, kamar yadda ake yi a kowane gida. Kwamfutar kuwa "baƙuwa" yake ce mata, in zai share ƙarƙashin teburinta har sallama yake yi. Ni kuma "'yar nan" yake kira na, in ya ji daɗi ya ajiye mini nono a ƙwarya.

Wata Litinin cikin damina na zo na tayar da janareta, na danna makunni. Fankar cikin akwatin ta ɗauka, na ji ƙuginta, amma allon baƙi ƙirin. Na kashe na sake kunnawa, haka. Ban ko kai ga leƙa madubi ba sai ga ciyaman ya shigo, mutumin da ba ya zuwa ofis sai hantsi ya dubi ludayi. Ya dubi allon, ya dubi daɓen da bai gama bushewa ba, ya buga salati da ƙarfi.

"Shi ke nan, tsohon nan ya kashe mu! Ruwa ya zuba mata. Sau nawa zan ce ya daina yayyafin nan?"

Ban taɓa jin ya faɗa ba ko sau ɗaya. Aka kira Baba. Ya tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ciyaman yana ta zuba masa faɗa kamar ya sami ɗan cikinsa. Da aka gama, Baba ya ce, "To, Alhaji. Allah ya sa haka shi ne alheri." Ciyaman ya ce za a tara 'yan kwamiti bayan azahar, ni kuma in ɗauko tsohuwar tafireta in buga takardar sallama, su sa hannu kawai.

Na ɗauko, na buga. Raina a ɓace yake, aikin wata biyu yana cikin akwatin nan, kuma ni ma a lokacin na yarda ruwan ne. Na zare takardar na ajiye a kan tebur, tsaf da ita.

Sai da ciyaman ya fita, ofis ya yi tsit, sannan hankalina ya dawo jikina. Na ce wa kaina, ke banza, an koya miki abu kin bar shi kina bin bakin mutane. Na kai hannu bayan akwatin, ba madubina a inda nake jingina shi, yana can gefen taga. Na kunna kwamfutar na zagaya na duƙa na duba da idona. Fitilun sun kama sarai. Biyun farko ruwan ɗorawa, biyun ƙarshe koraye, sun tsaya cak a haka. Na kashe na kunna sau uku, ba su canza ba.

Na buɗe littafin na bi zanen da yatsa. Da ruwa ya shiga inda wuta ke shiga, da ba fitilar da za ta kama, fanka ma ba za ta motsa ba. Wannan jerin launin kuwa abu ɗaya yake nufi: kwamfutar ba ta ga memorinta ba, wato wani ɗan falle mai kamar mataji da ake sokawa a cikin ramin da aka yi masa. Littafin ya ce a cire shi a mayar da kyau. To me zai tuge shi daga raminsa, abin da ke zaune a kan tebur?

Da na ƙara dubawa sai na ga wani baƙin layi ya ratsa saman akwatin, irin wanda robar ɗaure kaya a babur ke bari. A ƙasansa ga ɗigon jar laka ya bushe. Nan take na tuna ciyaman ya sha faɗa cewa dattawan Ɗansoshiya, garinsu, suna ƙorafi. Sun ba da masararsu, ba su ga abin da ido ba, ba su kuma sa masa albarka ba. A wajenmu kuwa sabon abu, ko keke ne, sai an kai wa manya sun dafa shi sun yi addu'a.

Na zagaya baya. Baba yana zaune yana cusa 'yan tsummokaransa a buhu.

"Baba, wa ya fitar da baƙuwa ran Asabar?"

Bai ɗago ba. "'Yar nan, je ki yi aikinki."

"Kai ke riƙe da makulli. Babur aka ɗora ta, ko ba haka ba?"

Ya daɗe yana ɗaure bakin buhun, sannan ya ce, "An ba ni amana. Kuma ai na yi yayyafin, wa ya sani ko shi ne."

Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Mutum za a jefa shi titi cikin damina, yana nan yana riƙon amanar wanda zai jefa shi! Na ce masa ya kwance buhun nan, babu inda za shi. Na wuce bakin kasuwa na aro sukundireba wajen mai gyaran babur.

Bayan azahar 'yan kwamiti suka hallara, su biyar. Babbansu wani Alhaji ne daga Doguwa, dattijo mai tsoron Allah wanda ba ya son dogon zance. Ciyaman ya gama bayaninsa ya tura musu takardar. Kafin kowa ya zaro biro na miƙe na gaishe su, na ce ina roƙon su ba ni ɗan lokaci in buɗe akwatin a gabansu.

Ciyaman ya zabura. "Ke injiniya ce?"

"Ranka ya daɗe, ni ba injiniya ba ce, amma na iya karatu, kuma ita kwamfutar ta riga ta faɗi abin da ke damunta. In na ɓata ta, a haɗa ni da Baba a takardar."

Alhajin Doguwa ya ce a bar ni. Na juya musu bayan akwatin na kunna, na ce kowa ya matso ya gani. Suka duƙa da manyan rigunansu suna leƙe. Na sa Alhaji da bakinsa ya faɗi launin: biyu ruwan ɗorawa, biyu koraye. Na nuna musu zanen a littafi, na fassara musu abin da aka rubuta a gefensa. Sannan na kashe, na zare wayar wuta, na kwance murfin, na dafa ƙarfen jikin akwatin kamar yadda injiniya ya nuna mini kafin in taɓa komai.

Ciki a bushe ƙayau, ba ɗigo, ba tsatsa. Na ce, "Alhaji, don Allah duba, ka ga alamar ruwa?" Ya gyara tabarau ya duba ya ce bai gani ba. Memorin kuwa ga shi nan a karkace, gefe ɗaya ya ɗago, ɗan maƙallin da ke riƙe shi ya buɗe. Na zare shi, na daidaita, na danna da manyan yatsuna biyu har na ji ƙas, ƙas. Na rufe, na mayar da waya, na danna makunni.

Fitilun suka shiga canzawa, ɗaya bayan ɗaya, har huɗun suka tsaya koraye shar. Kwamfutar ta yi ɗan kukanta guda, rubutu ya fito a allo. Wani daga cikinsu ya yi kabbara. Ni dai daɗi ya cika ni, ba zan ɓoye ba, har da ɗan gyara ɗaurin kallabi.

Alhajin Doguwa bai yi murmushi ba. Ya ce, "Malama, me ke kawo irin wannan?"

"Girgiza, Alhaji. Ba irin ta tsintsiya ba. Irin wadda kaya ke sha a bayan babur in hanya ta lalace." Na ɗora yatsa a kan baƙin layin nan na roba, ban dubi kowa ba.

Ciyaman ya cire hula ya share gumi ya mayar. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ni ne. Ni na kai ta gida ran Asabar dattawa suka yi mata addu'a. Da na ga ta ƙi tashi sai tsoro ya kama ni, kada masu shirin su ce mun karya sharaɗi." Alhajin Doguwa ya ce kai ta wajen manya ba laifi ba ne a wurinsa, da an tambaye shi ma da ya ce a kai. Laifin shi ne wanda aka so a ɗora wa bawan Allah. Ya ce ciyaman ya tashi yanzu ya je ya nemi gafara, kuma ba a nan ba, can ɗakin tsohon.

Ya tashi ya je, mu duka muna biye. Ciyaman guda, da babbar rigarsa, ya tsuguna a ƙofar ɗan ɗakin nan. Baba ya ruɗe yana ta cewa, "Haba Alhaji, tashi, tashi, ba komai." Ban taɓa ganin ciyaman da girma a idona kamar ranar ba.

Da kowa ya watse na koma tebur na ɗauki takardar zan yaga. Sai ga Baba a bakin ƙofa.

"'Yar nan, ita ce wannan?"

Na ce ita ce.

"An ce sunana yana jiki. Nuna mini."

Na nuna masa layin. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, ya shafa shi da ɗan yatsa a hankali. Ya ce tun da yake duniya ba a taɓa buga sunansa da inji ba, in ba damuwa in bar masa.

Kunya ta rufe ni har na kasa haɗa ido da shi. Na ɗauko almakashi na yanke layin sunan shi kaɗai na miƙa masa, sauran na yayyaga. Ya ninke 'yar takardar sau biyu, ya cire hularsa ya sa a ciki, ya mayar da hular. Sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, hannunki yana da kyau."