Jirgin da ƙafata ta yi wa tsawo

Mu shida ne a bakin kogin Kwara ranar da aka auna jirgin babanmu, wata Laraba bayan ruwa ya janye, a shekarar da na cika tara. Akwai Baba, akwai Iya mahaifiyarmu, da Kaka da aka shimfiɗa wa tabarma a inuwa don idonta ya riga ya mutu, da Malam Audu masassaƙi, sai ni da ƙanwata Lami mai shekara bakwai. Gungumen maɗaci biyu ne kwance a kan rairayi, ɗaya gaba biyar, ɗaya gaba uku da ɗan ɗori. Baba yana son jirgin da za a riƙa kwana a ciki idan an tafi su can tsibiran ƙasa da Yawuri, inda ake yin kwana uku ko huɗu kafin a dawo. Babban ya fi masa kyau a ido, amma sai da maza biyu ake tuƙa shi, sai da maza biyu ake jan shi a kan yashi, shi kuwa ba shi da ɗa namiji. Ya daɗe yana shafa bawon babban, sannan ya nuna ƙaramin.

Masassaƙan garinmu ba sa auna jirgin kwana da igiya. Malam Audu ya zana cikin jirgin a kan rairayi da ƙotar gizagonsa, ya ware wurin taru da wurin murhu, sannan ya ce masu kwana su kwanta. Baba ya kwanta, Iya ta kwanta, aka ga saura wurin yaro ɗaya. Ni ce babba, don haka na riga Lami faɗawa ciki, na naɗe ƙafafuna a hankali yadda na zaci ba wanda zai lura. Malam Audu ya taɓa gwiwata da ƙotar ya ce, "Miƙe ƙafa, yarinya." Na miƙe, dugadugaina suka haye zanen da taƙi guda. Da Lami ta kwanta har wuri ya rage. Ba wanda ya yi mini faɗa, ba kuma wanda ya ba ni haƙuri. Iya dai ta ce dama dole a bar wa Kaka wani.

Shekara biyar na yi ana barin wa Kaka ni. Ni ce mai daka, ni ce mai kai awaki fadama, ni ce mai juya tarwaɗa a kan banda har idanuna su yi ja don hayaƙi. Kaka ta hana ni wuce gwiwa a ruwa, ta ce idan kogi ya ɗauke ni wa zai riƙe mata sanda. Ita kuwa Lami sai ta dawo fata ta yi baƙi, gashi cike da yashi, tana ba da labarin yadda ake dafa karfasa a cikin jirgi da yadda Baba ya jefa ta ruwa yana riƙe da zaninta har ta iya iyo. Ina jin ta ina tankaɗe, ba na ɗaga kai. Akwai ɗan filafilin tuƙi da Baba ya sassaƙa mata daidai hannunta. Na ɗauke shi na cusa a ƙarƙashin rumbu, na kuma taya ta nema kwana biyu. Gara ta cinye shi, har yau ban gaya mata ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Levenshulme, nan ƙasar Turawa, wurin autana Habibu da matarsa Zainab da 'yarsu Amira. Lami tana Handsworth a Birmingham, ta yi boko daga baya, tana sa tabarau tana karanta duk abin da aka miƙa mata. A bazarar da ta wuce Habibu ya tashi sayen jirgin kamun kifi, irin wanda ake ɗorawa a kan trailer mota ta ja shi zuwa bakin ruwa. Biyu ya gani. Ƙaramin motarsa za ta iya ja, zai kuma shige lungun bayan gida. Babban yana da wurin kwanan mutum biyar, amma sai ya canza mota, sai ya nemi inda zai riƙa ajiye shi. Ina zaune a falo ya buga wa Lami waya ya ce ta zo, don ita ce ta san kwanan jirgi.

Ta zo ranar Asabar da jakarta da turarenta, suka haɗa kai a kan waya suna karanta lambobi. Na bar su suka gama, sannan na ce ba a sayen jirgin kwana da lamba, a zana shi a ƙasa a kwanta. Suka yi dariya, amma Habibu ya manna tef a kan kafet daidai girman ƙaramin. Ya kwanta, Zainab ta kwanta, Amira ta kwanta, sai ya ce Inna Lami ta gwada lungun da ya rage. Ta shiga daidai. Ina kan kujera da carbi a hannu, ba wanda ya dube ni.

"Ni fa?" na ce.

Habibu ya ce, "Haba Mama, ai ke ba kya son ruwa."

Lami ta tashi zaune tana gyara ɗankwali ta ce, "Rabu da Yaya, tun muna yara tsoron kogi take ji."

Abin da ta ɗauka ke nan shekara sittin, kuma shi ta gaya wa 'ya'yana. Na ce mata ba tsoro ba ne ya hana ni, tsawon ƙafa ne, ta tambayi kanta wa ya riƙe wa Kaka sanda lokacin da take koyon iyo. Na juya wurin Habibu na ce ya sayi babban. Ya sosa kai ya ce zai yi, amma sun riga sun yi magana da Zainab cewa ko da rigar ceto ba mai kwana a jirgin sai wanda ya iya iyo. Lami ta ɗauki shayinta ta kurɓa.

A can gida kogi yana bakin ƙofarmu, ina jin ƙarar filafili daga inda nake daka, aka ce ba nawa ba ne. Nan kuwa sai an yi tafiyar awa biyu a mota kafin a ga ruwan kirki, ga gwiwoyina sun fara ciwo. Har yanzu ina son na farka na ji jirgi yana motsi a ƙarƙashina ko sau ɗaya ne.

Washegari da safe, Lami tana barci a ɗakin baƙi, na tashi Amira na ce ta sa riga. Muka hau bas zuwa wurin iyo na council, wato na ƙaramar hukuma, inda ta ce akwai lokacin mata zalla. Matar da ke kan tebur ta tambaya ko na taɓa shiga ruwa. Na ce wa Amira ta gaya mata iyakata gwiwa, ta kuma rubuta sunana da kyau. Sannan na zauna a kan benci na cire takalmina.