Azarar tsohon cocin Damagaram

Sana'ata azara ce. Ina sayen giginya a tsaye a karkarar Matameye, in sa a fasa, in loda a mota zuwa Damagaram. Tun da kwano ya cika gari kasuwarmu ta ja baya, don haka duk wanda ya kira ni, zuwa nake yi.

Wata bazara wani tsohon fasto ya aiko in zo. Cocinsu na 'yan Furotesta ne, tun zamanin Turawan mishan. A bakin ƙofa na tuɓe takalmi.

"Alhaji, shigo da abinka," in ji shi. "Mu ba ma tuɓewa."

Na bar su a waje duk da haka.

Ginin tubali ne, bango mai kauri, tagogi ƙanana can sama, rufin soro bisa bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan azara da ƙasa. Ba hoto ko ɗaya, sai gicciyen katako da bencina. Ciki da sanyi kamar gindin randa. Bakan tsakiya ya tsage, ƙasa na zubowa.

"Matasanmu sun ce in damina ta same shi haka, rushewa za a yi, a zuba siminti da kwano," ya ce. "Ni kuwa a nan aka ɗaura auren iyayena."

Ina duba tsagewar sai idona ya kai kan wani lungu a bangon gaba, inda teburinsa yake.

"Baba Fasto, wannan ai wurin liman ne."

Ya yi dariya. Wai Baturen da ya sa aikin ya kwanta zazzaɓi ana shirin haƙa tushe. Maginan Musulmi ne, babban ɗakin ibada da suka sani kuwa masallaci ne. Suka daidaita ginin da alƙibla, suka fitar da lungun liman. Da Baturen ya tashi bango ya wuce kai. Ya duba, ya sa aka kai teburinsa can.

Na gaya masa gaskiya: kwano ya fi sauri, amma za su dahu a ciki. Ya amince a gyara, na kawo azarar tsohuwar giginya, baƙa, wadda gara ba ta ci, da magina daga garin Dawce da ba su manta ɗaurin bakan gizo ba. Hadari ya riga ya fara haɗuwa da yamma.

Ranar farko, da azahar, maginan suka hau gardamar gabas a tsakar gida. Fasto ya leƙo.

"Ku daina musu, ku bi bangon nan. Kakanninku ne suka auna."

Suka bi.

An gama yaɓe, ruwan farko ya sauka, ko ɗigo bai shiga ba. Matasan suka haƙura, aka zuba siminti a daɓe kawai. Faston ya rasu bara. Bakan yana nan. Ina ganin rufin in na wuce da kaya.