Rabin Kalmar Ƙanena

Duk lokacin da maƙwabciyata a Gwadangaji ta ɗora tukunyar turara shinkafa, ƙamshin yakan mayar da ni tsakar gidanmu a Gulma, shekarar da muke jiran bakin ƙanena ya buɗe.

Ya isa shiga makaranta, amma komai da yatsa yake nunawa. Yana ji sarai, in ka kira shi zai waiwayo. Malamin firamare ya ce wa Baba ba zai ɗauki yaron da ba ya amsa sunansa ba. Ni kuwa haka Allah ya yi ni, ƙaramin abu ke hana ni cin abinci. Ina ta tunanin sa'o'insa za su tafi su bar shi, a riƙa ce masa bebe har ya tsufa.

Bayan girbi, matan gida na fama da turare da shanya, sai a tara mu wurin Kaka don kada mu tattake shinkafar. Tana da wani wasa. Takan dunƙule hannuwanta biyu ta ce akwai kalma a kowanne. Ta buɗe na dama a kan wani yaro ta raɗa masa "gidan", ta buɗe na hagu a kan wani ta raɗa masa "sauro". Sai su ja da baya su sheƙo a guje, kowa na faɗin tasa, su rungumi juna. Sannan ta ce, gida daban, sauro daban, amma da suka haɗu sun haifi abu na uku, a je a nuno mata shi. A haka muka san dafa-duka da jan-baki da ɗan-kunne. Waɗanda suka haɗa tasu su ke samun ƙanzo.

Kullum ni take haɗawa da ƙanena, ta kuma kafa doka.

"Kowa yaf faɗa mishi rabinshi, na kore shi," in ji ta. "Ke uwar 'yan damuwa, da ke nike."

Sai in rugo in faɗi nawa, shi ya rungume ni shiru. Rabina ya tsaya shi kaɗai, ƙanzo ya wuce mu. Na roƙi Kaka a ɓoye ta bar ni in riƙa faɗin duka biyun, ta ce ba ta taɓa ganin an yi tafi da hannu guda ba, in je in share majina.

Wata rana da hantsi, tabarmi cike da shinkafa tana tururi, ta raɗa mini "jirgin". Na san yadda ƙanena yake tsayawa bakin fadama yana kallon masunta har sai an janye shi. Na rugo.

"Jirgin!"

Ya ƙanƙame ni. Na ji numfashinsa a wuyana, sannan wata 'yar murya a dishe.

"Ruwa."

Inna ta saki matankaɗi ta rangaɗa guɗa, kaji suka samu shinkafa ba mai kora. Ni na tsaya ina tambayar kowa ko ya ji, don ina tsoron kunnena ne. Kaka ba ta ko tashi ba. Ta sake dunƙule hannu ta ce, "To, ku koma. Saura sama." Ya faɗi wannan ma, da ƙarfi. Da aka buɗe makaranta, da bakinsa ya gaya wa malam sunansa.

Yanzu yarana a littafi suke karanta wannan darasi, harɗaɗɗun kalmomi, kowa da nasa, ba mai jiran wani ya cika masa. Suna ganewa, alhamdulillahi, duk da nakan damu da shirun da suke yi a kai. Ƙanen nawa kuwa dillalin albasa ne a Augie. In ya kira ni a waya, sai na ce masa tukunyata na ƙonewa kafin in samu ya yi sallama.