Ranar da Aka Ɗauke Na'urar Mai Aski

Mai Aski bai taɓa iya yin shiru ba, kuma sana'arsa ta ƙara ɓata shi. Tun yana ƙarami kawunsa ya damƙa masa almakashi a wata rumfa mai kujera ɗaya da tsagaggen madubi, a can ya gane cewa mutumin da aka ɗaure wa ƙyalle a wuya ba shi da wajen gudu, dole ya saurara. Ya bar rumfar kawu, ya kama shagonsa a bakin titi, ya sa kujera mai juyawa da fanka da bencin masu jira, ya yi aure, ya samu yara. Hannunsa lafiya lau, bai taɓa yankar kunnen kowa ba. Bakin ne dai. Ƙwallo, siyasa, maganin ciwon baya, babu wanda ba shi da ta cewa a kai, kuma da ƙarfin gwiwa yake faɗa.

A shekarar da wani kamfani ya cika gari da 'yan na'urorin biyan kuɗi, irin waɗanda ake zura wa kati su tofo takarda, shi ma aka ajiye masa ɗaya a kan teburin da yake jera reza. Ya duba, ga ta a kantin magani, ga ta wajen mai nama, ga ta har wajen mai facin taya. Sai wani da ya zo aski ya nuna masa yadda ake sayen hannun jarin kamfanin ta waya, ko da ɗan canjin da mutum ya tara. Shi ke nan, an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi.

"Abin da idona ke gani a kowane shago," in ji shi, "ta ina zai faɗi?"

Ya saya, farashi ya hau, ya ƙara saye. Benci ya koma majalisa. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya shiga, mai nama ya shiga, suka laƙaba masa suna Dillali, shi kuwa yana amsawa har da gyara wuyan riga.

Matarsa abu ɗaya ta roƙe shi. "Ka yi da duk wanda ka ga dama, ban da mahaifina."

Mahaifin nata tsohon direban motar asibiti ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda kowa ke ce wa Baba. Kuɗin sallamarsa na ajiye don rufin ɗan gidan da ya daɗe yana ginawa, ya samu ya fita daga haya kafin ƙarfinsa ya ƙare. Duk mako yana zuwa surukinsa ya gyara masa fuska, yana jin hirar benci. Wata rana ya tambaya, a hankali, ko abin nan gaskiya ne. Nan ne ya kamata Mai Aski ya haɗiye yawu ya ce bai sani ba. Ina! Cewa ya yi, "Baba, kafin shekara ta zagayo, da rufi da ƙofofi duk sun samu." Baba bai iya danne-dannen waya ba, sai ya miƙa masa tasa, Mai Aski ya saya masa da hannunsa.

Daga baya farashi ya fara sauka. Layin da ke kore a waya ya koma ja, ya ƙi komawa. Majalisar benci ta zauna ta yanke shawara biyu, kuma ni har yau ban san wacce ta fi ban tausayi ba. Ta farko, ba mai sayarwa shi kaɗai, don kada ya jawo farashi ƙasa, kamar mutanen benci guda za su iya girgiza kasuwar duniya. Ta biyu, a taimaki kamfani da ciniki. Mai Aski ya daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati, saboda duk zurawa ɗaya kamfani na cire ɗan ladansa. Tela kuwa in zai biya aski, raba kuɗin yake ya zura katin sau da yawa, yana cewa, "Ci, ɗan nema, ci ka tashi." Daga aljihunsu ladan ke fita, sun sani, amma ya fi musu zaman jira.

Mai Aski ya rame. Tsakanin aski da aski sai ya leƙa waya, ya mayar da ita aljihu da sauri kamar ta ƙona shi. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, ba don nasa kuɗin ba. Duk da haka, in Baba ya tambaya, amsarsa ɗaya ce: "A riƙe, Baba. Masu haƙuri ne ke ci."

Ran nan da safe, yana share gashin jiya, wani mutum ya shigo sanye da rigar kamfanin, da buhu a kafaɗa yana ƙwaram-ƙwaram. Ya ce an turo shi ya karɓi na'ura.

"Sabuwa za a kawo?"

"Ni dai ba a ce min ba, maigida. Duka aka ce mu tattara. Ofishinmu ma an fara fitar da kujeru."

Ya zare wayar wuta daga bango, ya jefa na'urar cikin buhu, ya wuce. Mai Aski ya tsaya yana kallon wurin da take, ɗan fili mai tsabta a tsakiyar ƙura. Ya ɗauko tawul ya ninka, ya ɗora a kai, ya ɗan tada tsakiyarsa yadda za a ce akwai abu a ƙasa.

Ya buɗe waya. Farashi na nan inda ya kwana, wajen sayarwa na aiki. Abin da ya rage na Baba ba zai yi rufi duka ba, amma zai rufe ɗaki ɗaya. Ya nemo lambar Baba, ya danna, ya katse kafin ta shiga. Me zai ce? Da wane bakin? Sai ga wani ya shigo aski, Mai Aski ya ce bari ya gama da shi. Ya gama, wani ya zauna. Masu miƙo kati ya ce musu layin sadarwa ne babu. Rana ta yi sama, gumi na bin bayansa duk da fanka, yana ta gaya wa kansa cewa ai yau ranar Baba ce, gara a yi maganar ido da ido.

Baba ya iso dab da tsakar rana, Tela na biye da shi da tef a wuya. Aka gaisa, Baba ya zauna, aka ɗaura ƙyalle, aka shafa kumfa. Reza ta bi kumatun dama, ta gangaro haɓa.

"Yaya abin namu?" in ji Baba, idonsa a rufe.

Ga dama ta samu. Mai Aski ya buɗe baki, ya hango Tela a madubi ya kasa kunne.

"Muna nan dai, Baba."

"To, madalla."

Tela ya miƙe yana zaro kati. "Bari in ciyar da ɗan neman tun yanzu, na gobe ne nake biya." Ya kai hannu ya ɗage tawul. Ya dubi tebur, ya dubi Mai Aski. "Dillali, ina take?"

Mai Aski ya janye reza daga wuyan tsohon.

"Sun karɓe. Duka suke tattarawa. Baba, a sayar. Yanzu-yanzu, don Allah."

Baba ya laluba ƙarƙashin ƙyalle ya fito da wayarsa ya miƙa. Mai Aski ya goge kumfa a wando, ya danna, ya yi kuskure, ya sake dannawa. Wani ɗan rubutu ya fito. Ya karanta a zuci, ya sake karantawa, sannan ya faɗa da muryar da ba tasa ba: an dakatar da cinikin hannun jarin kamfanin, ba saye ba sayarwa, sai abin da hali ya yi. Tela ya fice da gudu yana ƙwala wa mai nama kira.

"Yaushe aka dakatar?" in ji Baba.

"Bai daɗe ba."

"Su kuma yaushe suka zo?"

Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi, Baba ba zai taɓa ganewa ba. Mai Aski ya sunkuyar da kai.

"Tun safe."

Baba ya daɗe yana kallon kansa a madubi, rabin fuska fes, rabi fari da kumfa. Sannan ya kai hannu bayan wuya ya kwance ƙyallen da kansa, ya ninka shi, ya ajiye a hannun kujera.

"Kuɗi ni na ba ka, ba ƙwata ka yi ba," ya ce. "Amma ka bar ni na zauna, ka shafa min kumfa."

"Baba, bari in ƙarasa maka. Don girman Allah kada ka fita haka."

Tsohon ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu. Ya fita cikin rana, ya tsaya a bakin titi har motoci suka wuce, mutane na juyowa suna kallon fuskarsa. Ya tsallaka a hankali, ya shiga shagon askin da ke ɗaya gefen, ya zauna a benci yana jiran layi ya zo kansa.