Kawu Iddirisu, Golan Ƙanƙara

Ku da kuka san Kawu Iddirisu kun san ba ya shiga ɗaki, ba ya kuma fita. A bakin ƙofa yake tsayawa, ƙafafu a ware, gwiwa a lanƙwashe, sai ka nemi izini kafin ka wuce. Ko a masallacin Moshi Zongo nan ne wurinsa, kuma akuya ba ta taɓa raɓawa ta gefensa ba.

Dalilinsa, in ji shi, lokacin da ya je Kanada karatun likitan dabbobi, shekara huɗu ya yi yana tsaron gida wa kwalejinsu a wasan hokin ƙanƙara, wanda ake buga ƙwallo da sanda. Wai ranar farko da aka sa masa takalmi mai wuƙa a ƙasa, santsi ya kwashe shi har cikin raga, ya rungume ƙarfe ya ƙi saki. Kocin ya dubi faɗin ƙirjinsa ya ce ya zauna nan. Shekara arba'in yana ba da labarin nan a Tamale, bai sami mutum ɗaya da ya yarda ba. Abin yana cinsa ƙwarai, mu kuwa dariya yake ba mu.

Shugaban masu ƙaryata shi abokinsa ne, Alhaji Mumuni mahauci.

"Iddi, ji tsoron Allah," haka yake ce masa. "Ƙanƙarar da mata ke layi su saya su sa a zoɓonmu sobolo, ita ce Bature ya shimfiɗa fili guda yana wasa a kai? Kuma duk Kanada ba a samu mai tsaro ba sai ɗan Zongo?"

Da ya gaji, Kawu ya ciro hoto daga ƙasan akwati. Ga mutum kam a bakin raga, an naɗe shi kamar katifa, fuska a cikin kejin ƙarfe. Alhaji ya juya hoton sama da ƙasa, ya ce shi ma ya tuna, ai shi kansa ne a ciki, ba Iddi ba. Da wayar hannu ta zo na nuna wa mutane wasan da idonsu, sai suka ce to, wasa akwai, amma ina Iddi?

Ranar da ya yi niyyar rufe bakin kowa, ya yanka tsohuwar katifarsa ya ɗaure a ƙafafu da ƙirji, ya kifa kwandon waya a fuska, ya tara mu a filin ƙwallon Bulpiela da tsakar rana, a watan da ko ƙadangare neman inuwa yake. Ya ce a riƙa bugo masa gwangwanin kifi da sanda. Ana cikin gardamar wanda zai fara bugu, muka ji tim. Da bokiti biyu aka farfaɗo da shi. Alhaji ya ce shi dai ya shaida, rana ta ci ɗaya.

A ciwonsa na ƙarshe ina gyara masa matashi, ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ma ba ka yarda ba, ko?" Na yi dariya na ce ya sha magani. Har yau ina jin kunyar dariyar nan.

Wasiyya ɗaya ya bari: Alhaji Mumuni ne zai wanke shi. Ni na zuba ruwa. Kun san a wurinmu wanda ya wanke gawa ba ya faɗin abin da ya gani, don haka ni ma ba zan faɗa ba. Iyakar abin da zan ce, hannun Alhaji ya tsaya a ƙwauri, ya tsaya a kafaɗa, ya daɗe a haƙarƙari. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana fasa ƙashi ya san yadda ƙashin da ya sha duka yake warkewa. Sai na ga gemunsa ya jiƙe, ba kuma da ruwan butata ba.

Da muka fito, mutane suka zuba masa ido. Ga shaida a bakinsa, ga al'ada ta ɗaure bakin. Ya daɗe yana gyaran hula, sannan ya ce:

"Ni ban ga komai ba. Amma daga yau, duk wanda ya ce Iddi ƙarya yake yi, ni da shi ne."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya masa makwanci, Ya yafe mana dariyar da muka yi masa. Amin.