Malam Riskuwa, Likitan Motar da Ba Ta Shan Ruwa

A da, da hantsi za ka tarar da Malam Riskuwa a gindin dalbejiyar garejinsa a Badariya, ya zaro sandar auna baƙin mai yana shinshinawa. Mu maƙwabta mun daɗe muna tsokanarsa cewa da hanci yake kanikanci. A Birnin Kebbi shi muka sani da gyaran tsohuwar motar nan kunkuru, mai inji a baya, wadda ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta.

Arzika shaida ne. Kunkurun da ya gada daga mahaifinsa da ita yake jigilar shinkafa tsakanin Argungu da Birni, da ita yake ci da iyali. Sai ta tsiro da rigima. Kafin ya kai Zauro inji ya ɗau zafi, jar fitilar mai tana ƙyaftawa. Ya sauya mai, ya kwara mata ruwa, duk a banza. 'Yan'uwansa suka ce ya sayar wa 'yan gwangwan kafin injin ya buga.

Da ya kawo ta gareji, Malam Riskuwa bai taɓa sifana ba. Ya ce, "Aza kaya yadda ka saba, mu tahi in gani."

Arzika ya shimfiɗa buhu a bayan motar, ya ɗaure shinkafa a kai.

"Wanga buhu hwa?"

"Don kar henti ya kuje, Baba. Motar tsohona ta."

"Ka toshe mata hanci, ɗana. Ta nan taka shan iska. Lallashin ga naka shi ka kashe ta."

Malam ya sauke injin. Ƙaiƙayin shinkafa ya cushe hanyar iska da ragar sanyaya mai, shi ya sa man ke tsinkewa, ƙarfinsa ya faɗi. Ya wanke, ya ɗaure fambel mai juya fanka, ya ƙera masa kariyar ɗora kaya a saman rufi. Da motar ta isa Argungu fitila ba ta kama ba, Arzika ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka.

Kai ne, Malam, ba ka yanke wa mota hukunci sai ka ga yadda mai ita ke zaune da ita. Wallahi ina alfahari da cewa unguwarmu ɗaya.

Bana idanun Malam sun yi rauni, ya ajiye sifana. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu sana'a, ku koyi dubawa kafin kwancewa.

Duk Juma'a Arzika kan zo ya kai shi masallaci a kunkurun. Malam ba ya ganin fitilar yanzu, sai dai ya karkata kunne baya, ya saurara, ya ce, "Lahiyarta lau. Mu tahi."